Ruwan da Na Zuba wa Shuwaka

Ranar jana'izar babanku, da aka miƙa wa Luka makirfo ya yi magana a madadin 'ya'ya, ya ce Baba mutum ne da bai taɓa kai azumin yini ɗaya ba, Mama ce take yi wa gidan gaba ɗaya. Majami'a ta fashe da dariya, ni ma na yi, domin wannan shi ne Ishayan da kowa ya sani: mutumin da ba ya fita ƙofar gida sai da koko da ƙosai a cikinsa, da kular tuwo a hannunsa. Amma dariyar nan ta tsaya mini a wuya shekara huɗu ke nan. Luka, Rahila, ku zauna ku karanta wannan a tsanake. Labarin da kuka daɗe kuna ji, wai uwarku ta yi azumi tana cikin ciwon daji har Allah ya warkar da ita, rabinsa gaskiya ne. Allah ya warkar da ni. Ɗaya rabin nake so in gyara tun ina iya riƙe biro.

Shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki ce. Mu biyu ne kawai a gidanmu na Sabon Tasha. Luka ya fara koyarwa a Jos, Rahila tana makarantar kwana. Babanku yana sashen rini a masaƙa can Kakuri, ni kuma ina da rumfar citta da acca a kasuwa, sannan ni ce Uwar Zumunta, wato shugabar mata, a majami'armu. Ba na ɓoyewa, na ji daɗin wannan kujera fiye da kima. In na ɗaura zanen zumunta na kafa ɗankwali, ko fasto sai ya gyara zama. Maganar miƙa mulki kuwa ba wanda ya yarda da ita, mun sha jin wannan waƙar. Shi ya sa farkon shekarar na miƙe a taron mata na ce mu ɗauki azumi saboda ƙasa: Talata, Laraba da Alhamis na kowane mako, daga shida na safe zuwa shida na yamma, ba ci, ba ko ɗigon ruwa, har ranar da za mu ga farar hula a kan kujera da idonmu. Ni na fara durƙusawa gaban bagaden majami'a na yi alkawari, sauran suka biyo. Bayan mako uku na kama wata 'yar zumuntarmu, Jummai, a bayan rumfar tumatir tana tsotsar ruwan leda na fiya wata a ranar Laraba da rana tsaka. Taro na gaba na tsayar da ita a gaban mata kusan sittin, na wanke ta tas har ta yi kuka. Ku riƙe wannan, don zai dawo.

Duk wannan lokacin ina ɓoye wani abu. Na riga na daina al'ada shekara biyu, sai ga jini ya dawo, kaɗan-kaɗan, da ciwon mara. Babanku ne ya lura na fara yin wanki a ɓoye, ya tasa ni gaba sai asibiti. Daga wannan asibiti aka tura mu wancan, har muka dire a babban asibitin da ke da injin gashi, tafiyar awa biyu daga gida. Nan aka ce mana ciwon daji ne na bakin mahaifa. Na ji tsoro ƙwarai. Likitan da ya karɓe mu wani matashi ne Bahaushe mai yawan fara'a, sa'an Luka ko ya ɗan girme shi. Ya ga yadda na ƙanƙame jakata da na ji kalmar gashi, sai ya jawo kujerarsa kusa.

"Mama, ba wuta ba ce, ba kuma tsire za mu yi da ke ba," in ji shi. "Haske ne da ido ba ya gani. Yana shiga ya raunata ƙwayoyin ciwon. Matsalar ita ce ƙwayoyin nan suna da taurin kai. Kina komawa gida, su kuma sai su zauna su ɗinke ɓarnar da muka yi musu, gobe mu tarar sun miƙe. To akwai wata sabuwar hanya. Duk Litinin, kafin ki shiga gashi, za mu sa miki wani magani ta jijiya. Ɗan kaɗan ne, shi kaɗai ba zai kashe ciwon ba. Aikinsa ya shiga cikin ƙwayoyin ya riƙe musu hannu, su kasa ɗinkin. Sai hasken ya kama su da kyau."

Babanku yana zaune da hularsa a kan gwiwa, yatsunsa shuɗɗa da rini kamar kullum. Sai kawai na ji ya ce:

"Wato jiƙo ne."

"Jiƙo kamar yaya, Baba?"

"A wurin aikinmu akwai yadin da ko sau goma ka tsoma shi a launi, wanki ɗaya zai zube. Sai an fara jiƙa shi a wani sinadari. Shi sinadarin ba shi da launi, ba ya rina komai, amma in babu shi launi ba ya kamawa."

Likita ya buga tebur yana dariya, ya ce wata uku yana neman yadda zai bayyana wa mutane, ashe marini ya kamata ya tambaya. Babanku bai yi dariya ba. Ya ɗan matso.

"To ɗauraya fa, Likita? Don mu, in an gama ba a ɗauraye yadin da ruwa mai yawa ba, sinadarin nan cinye zaren yake yi. Ka ja shi da hannu ya yage."

"Baba, ka riga ni," in ji Likita, ya juyo gare ni. "Mama, nan ne aikinki. Maganin nan ta ƙoda yake fita. In babu ruwa sosai a jiki, sai ya zauna a can ya yi ɓarna. Ranar Litinin mu za mu ƙara miki ruwa ta jijiya, amma sauran kwanakin ke za ki sha, manyan kwalabe biyu zuwa uku kullum, tun daga safe. Ki kuma ci abinci ko ba kya so, don jini shi ke kai iska wurin ciwon, haske kuma ya fi kama inda iska take. Duk Litinin za mu gwada jininki. In ƙoda ta yi ƙorafi, dole mu ajiye maganin."

Kunnena ya ji duk wannan, amma zuciyata tana kan Talata, Laraba da Alhamis. Ban tambayi komai ba. Babanku ya ɗauka maganar azumi ta mutu da kanta, ni kuma na bar shi a haka. Na ce wa kaina Allahn da na yi wa alkawari shi ya halicci ƙoda, ya san yadda zai yi da ita. Haka na faɗa wa kaina, kuma na so in yarda. Gaskiyar ita ce fuskar Jummai nake gani. Mata kuwa da suka ji labarin ciwon sai suka ce, Mama, yanzu azumin nan ya zama biyu, na ƙasa da naki. Ta yaya wadda ake yi dominta za ta fara karyawa?

Aka fara gashi cikin tsakiyar bazara, mako biyar, Litinin zuwa Juma'a. Wani ɗan majami'armu, Dauda, yana jan tasi a wannan hanyar, shi yake ɗaukata da sassafe ya dawo da ni kafin la'asar. Babanku Litinin kawai yake iya bina saboda aiki. Gashin kansa ba komai ba ne. Sun zana mini alamu a mara da tawada mai ruwan hoda, suka ce kada in wanke. Ki kwanta a kan tebur mai sanyi, kowa ya fita, a ja wata ƙofa mai nauyi, inji ya yi ta gurnani na 'yan mintoci, shi ke nan. Har ƙawaye na yi a bencin jira, muna gwada zanen cikinmu muna cewa na wa ya fi kyau. Litinin ce mai wuya. Awa huɗu ko biyar a kwance ana ƙarin ruwa, sannan a rataya wata 'yar ƙaramar leda, ita ce maganin. In ya shiga, bakina sai ya koma kamar na tsotsi ƙusa, tashin zuciya kuma ya bi ni har Alhamis. Babanku ya sayo wata shuɗiyar jarka, kullum da asuba ya cika ta da dafaffen ruwa ya ajiye mini, da yamma ya dawo ya girgiza ta ya ji wayam, ya yi murmushi ya ce madalla da Maman Luka. Bai san cewa ranakun azumi, ina dawowa daga asibiti, nake zagayawa bayan ɗaki in tuttule ta a gindin shuwakarsa ba. In shida ta yi nakan gwada sha, amma kofi ɗaya ko biyu, zuciyata ta tashi, in ajiye.

Litinin ta uku aka ɗebi jinina kamar kullum. Muka daɗe muna jira. Da Likita ya shigo da takardar, ba fara'ar nan a fuskarsa.

"Yau ba za mu sa maganin ba," ya ce. "Ƙodar Mama ta fara gajiya. Za a ci gaba da gashi, amma shi kaɗai. In Litinin mai zuwa ta dawo daidai, mu ci gaba. In ba ta dawo ba, mun haƙura da maganin gaba ɗaya, kuma ba zan ɓoye muku ba, na fi son in yaƙi ciwon nan da hannu biyu. Mama, kina shan ruwan kuwa?"

"Jarka guda kullum," in ji babanku da sauri. "Ni nake cikawa da hannuna."

Ni dai na kafa wa siminti ido. Muka shiga mota muka kamo hanya. Mun isa gida rana ba ta faɗi ba. Ya ɗauki bokiti ya zagaya baya zai watsa ruwa, ni kuma na zauna a bakin ƙofa, jikina duk ya mutu. Can sai na ji muryarsa.

"Maman Luka! Zo ki ga abin al'ajabi."

Na tarar da shi tsaye da tawul a wuya a gaban shuwaka. Kun san shukar nan, duk bazara sai ta koma tsinke, ya yi ta mita. Ran nan ga ta kore shar, ganye fato-fato, har da sababbin tofo, alhali ta maƙwabta ta bayan katanga ta bushe ƙayau. Ya durƙusa ya tura shuɗin yatsansa cikin ƙasa, ya ɗago shi da laka.

"Shekara goma sha biyu ina lallaɓa shukar nan, ba ta taɓa yi mini haka ba," ya ce. "Ashe mako biyu ita nake jinya. Allah ya ƙara miki lafiya, shuwaka."

Dariya ta ƙwace mini, daga dariyar sai kuka. Na zauna a kan turmi na faɗa masa komai. Na jira faɗa, don na cancanta, amma babanku bai iya faɗa ba, abin da ya fi ba ni haushi da shi ke nan tsawon aurenmu. Ya ce gobe in je in gaya wa mata likita ya hana ni. Na ce na durƙusa gaban bagade. Ya ce Allah ya san da ciwon. Na ce to da wane ido zan kalli Jummai? Nan ya gane inda maganar take. Ya san matarsa. Ya san zan iya mutuwa a kan wannan, in tafi kabari da ɗankwalina a kafe. Ya daɗe yana murza lakar nan a yatsunsa.

"Ranar aurenmu fasto ya ce mun zama mutum ɗaya, ko ba haka ya ce ba?"

"Haka ya ce."

"To mutum ɗaya ya yi alkawari, mutum ɗaya zai cika. Daga gobe ni zan ɗauki azumin. Ke kuma ki sha ruwanki, ki sha nawa. Ba wanda zai ji."

"Kai? Baban Luka, kai da in wa'azi ya yi tsawo kake cin gyaɗa daga aljihu?"

"Ni ɗin."

"In Allah bai karɓa ba fa?"

"Ni zai tambaya. Tashi ki sha ruwa."

Washegari Talata ya tashi ya cika jarka, ya ƙara da wata babbar kwalba, ya ce wannan rabonsa ne. Na zuba masa tuwo a kula kamar kullum, don in maƙwabta suka ga Ishaya ya fita ba kula, kafin azahar labari ya kai Gonin Gora. A wurin aiki yake miƙa wa abokinsa Malam Sani, wanda ya yi mako bakwai yana aiko mini da gaisuwa da yabon miya, har kumatu ya ajiye. Ku da ba ku taɓa shiga sashen rini ba, ba za ku gane abin da babanku ya ɗauka ba. Na taɓa kai masa saƙo sau ɗaya, ban yi minti biyar ba na fito. Tukwane ne manya suna tafasa, tururi ya cika ko'ina, maza suna aiki da singileti kamar an tsamo su daga kogi, kowa da galan ɗin ruwansa a gefe. A nan mutumin nan ya tsaya awa takwas, cikin zafin bazara, ba ɗigon ruwa. Ranar farko ya dawo biyar da rabi, leɓɓansa sun tsattsage, ya zauna a falo ya tasa agogon bango a gaba.

"Maman Luka, agogon nan batirinsa ya yi sanyi."

"Jiya ka sa sabo."

"To jabu suka sayar mini. Tun ɗazu yake kan shida saura kwata."

Da shida ta buga ya ɗaga kwanon sha bai sauke ba sai da ya ga gindinsa, sannan ya yi addu'a, ya ce Allah ya yi haƙuri da jerin, gobe zai fara da addu'ar. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba in ban da na agogo. Sai bayan shekaru Malam Sani ya gaya mini cewa wata Laraba jiri ya kwashe shi a bakin tukunya, suka fito da shi waje suka yi masa fifita, aka kawo ruwa ya ƙi sha, ya ce a zuba masa a ka kawai.

Ni kuma na shiga shan ruwa kamar raƙumi. Da na tuna inda yake tsaye, sai in ɗaga kofi ko zuciyata tana tashi. In ruwa ya ishe ni in jefa 'yar citta a ciki, in ya ƙi in koma kunun acca. Na koma cin abinci, faten wake da alayyafo, da hanta in an samu. Wahalar ɗaya ce: ranakun azumi mata sukan zo da la'asar su yi mini addu'a, mataimakiyata Mama Tabita a gaba. Sai na ɓoye jarka a bayan ƙofar ɗaki, ana cikin waƙa in ce bari in ɗauko Littafi Mai Tsarki, in shiga in kwankwaɗa, in goge baki in fito da fuskar mai azumi. Abin da na kasa ɓoyewa shi ne inda ruwan yake zuwa. Ranar Alhamis, da na tashi zagayawa karo na huɗu, Mama Tabita ta bi ni da kallo.

"Mama, mai azumi da yawan zagayawa haka?"

"Maganin asibiti ne," na ce.

"Kai, Turawa da abin mamaki suke. Ba a zuba ba, amma yana fita."

Litinin ta zo. Ban taɓa jin tsawon jira irin na ran nan ba. Babanku ya murɗe hularsa har ta koma tsumma. Likita ya shigo yana duba takarda, ya dube ni, ya sake duba takarda, sai fara'ar nan ta dawo.

"Ƙoda ta huce. Sista, a rataya wa Mama ledarta! Me kuka canza?"

"Mun daina ba shuwaka," in ji babanku.

Dole na ba da labari, amma ban faɗi wanda ya karɓi azumin ba. Likita ya riƙe kai, ya ce, Mama, mu ma a Musulunci an ɗauke wa mara lafiya azumi, ke wa ya ce miki Allah yana son ƙodarki? Ranar nan da na ga 'yar ledar tana ɗiga, da ɗanɗanon ƙusa ya dawo bakina, wallahi daɗi na ji. Babanku ya zauna a gefen gado yana kallon ɗigon yana gyaɗa kai, kamar yana duba aikin yaransa a masaƙa, yana cewa a hankali, yauwa, jiƙu da kyau. Da muka dawo gida bai ko cire takalmi ba ya zagaya baya. Shuwaka ta yi laushi, ganyenta ya rataye, ƙasa ta tsage. Mutumin nan ya ɗaga hannu sama ya taka rawa shi kaɗai a bayan ɗaki. Ban taɓa ganin wanda ya yi murnar bushewar shukarsa kamar haka ba.

Daga nan ban sake rasa ko leda ɗaya ba. Aka gama gashin waje, aka kwantar da ni kwana biyu aka yi na ciki, aka sallame ni na dawo gida ƙashi da fata, amma da ƙafafuna. Saura mako uku a miƙa mulki. Na ce wa babanku ya dawo mini da azumina, ya ce Likita ya ce in ci gaba da sha, kuma shi ba ya barin yadi a tukunya rabi da rabi. Ya kai shi har Alhamis ta ƙarshe. Ranar Asabar muka cika falon Dauda muna kallon talabijin, muka ga soja ya sauka farar hula ya hau, mata suna guɗa, wasu suna kuka. Kowa yana cewa azumin mata ya yi aiki. Babanku yana can gefe da kwanon ɗanwake, ba wanda ya kula shi.

Damina ta yi nisa lokacin da muka koma a duba ni. Likita ya gama dubawa, ya cire safar hannu, ya ce, Mama, na nema ban ga komai ba. Ya ce za mu riƙa zuwa ana dubawa shekaru masu yawa, kada mu yi sakaci, amma yau dai mu je mu yi murna. Babanku ya kama hannun Likita da hannu biyu. A hanya ya sa Dauda ya tsaya, ya sayi rake da gasasshiyar masara ya raba wa duk fasinjojin motar, har da wani da bai san me ake ciki ba.

Sujadar godiya kuna nan, kun zo ku biyun. Kun tuna yadda majami'a ta cika har waje, mata suna kaɗa tulu da kacau-kacau, ni a tsakiya cikin zanen zumunta da ya yi mini yawa, ina rawa ina haki. Kun tuna Mama Tabita ta karɓi makirfo ta ce ga macen da ciwon daji bai sa ta karya azumi ko na yini ɗaya ba, majami'a ta ɗauki tafi. Abin da ba ku gani ba shi ne na buɗe baki zan yi magana. Na hango babanku a bencin baya, ya girgiza mini kai kaɗan, ya ci gaba da tafi, har ya fi kowa. Sai na rufe bakina. Ba zan ɗora masa laifin ba, don daɗin tafin ma ya taimaka. Bayan an tashi Jummai ta zo ta rungume ni tana hawaye, ta ce in yafe mata, ita da lafiyarta ta kasa, ni da ciwo na iya. Ban taɓa jin kunya irin ta ran nan ba. Cikin makon na je gidanta na roƙe ta gafarar tsayar da ita da na yi, a taro na gaba kuma na soke dokar hana ruwa. Amma dalilin ban faɗa wa kowa ba.

Tun daga shekarar babanku bai sake yin azumi ba. In an sanar a majami'a sai ya ce shi ya yi nasa, ku kuma ku yi ta yi masa dariya, Rahila tana cewa yaushe, Baba, a mafarki? Shi ma ya taya ku. Na rayu na ga auren ku biyun, na goyi jikoki bakwai, na yi shekara ashirin da ɗoriya tare da shi bayan ranar da na ɗauka tawa ta ƙare.

Watan jiya aka ce mini wata matashiya a zumuntarmu ta kamu da irin ciwona, an fara mata gashi da maganin Litinin, kuma ta ce za ta yi azumi kamar yadda Mama ta yi. Ban jira gari ya waye sau biyu ba. Na sayi jarka, na cika, na hau keke mai ƙafa uku har gidanta, na zauna na ba ta labarin nan tun daga kan Jummai har shuwaka, ban tashi ba sai da ta sha kofi uku a gabana. Ranar Lahadi kuma na karɓi makirfo na faɗa wa majami'a. Mama Tabita, da sandarta, ta ce dama ita tun ranar zagayawar nan take da tambaya. Ku ne kuka rage, alhali ku ne ya kamata ku fara ji.

Sau ɗaya na taɓa tambayarsa, muna zaune a bayan ɗaki yana tsinkar mana ganyen miya, ko ba ya jin zafi ana yaba mini a kan wahalar da shi ya sha. Bai ko ɗago kai ba.

"Su riƙe tafinsu," ya ce. "Ni matata nake nema, na kuwa samu. Miƙo kwanon."

Luka, ran da za ka sake tsayawa a gaban mutane ka yi maganar babanka, ka ce ya yi azumi sau ɗaya a rayuwarsa, mako bakwai, a bakin tukunyar rini, kuma a kansa uwarka take raye.